Afuwar hukuma da haƙƙin mutanen Diffa

  

Shekara goma ke nan da ɗoriya tun ranar 6 ga watan Fabrairu na 2015, ranar da mayaƙan Boko Haram suka tsallako kogin Komadugu suka afka wa garuruwan Bosso da Diffa. Yaron da aka haifa a makon ya kai shekarun da ake tsananta masa a kan salla. Da yawa daga cikin irin waɗannan yara ba su taɓa taka ƙauyen ubansu ba. Idan aka tambaye su garinsu sai su ambaci wani zangon ƴan gudun hijira da ke bakin titin kwalta. Maganar da ke bakin hukumomi da ƙungiyoyin agaji tun wasu shekaru ita ce a mayar da mutane gida, a sake gina makarantu da kasuwanni, a karɓi waɗanda suka ajiye makamai. Duk wannan alheri ne. Amma akwai ɓangaren da ake yawan tsallakewa, kuma shi ne wanda Shari'a ta fi tsanantawa a kai, wato haƙƙin bayin Allah da aka zalunta. A kansa muke son mu tsaya.

Ƴan'uwan da ke karanta mu daga nesa wataƙila ba su san yadda jihar take kafin fitinar ba. Diffa tana da nisan fiye da kilomita 1,300 daga Yamai, kuma ƙidayar 2012 ta ba ta mutum kusan dubu 600. Gaɓar Komadugu tana ba da tattasai, a busar da shi a loda buhu-buhu zuwa kasuwannin Najeriya, har ana yi masa laƙabi da jan zinariya. Tafkin Cadi yana ba da kifi banda, da makiyaya, da gonaki masu albarka idan ruwa ya janye. Naira ta fi sefa yawo a kasuwanninsu, domin Maiduguri ta fi musu Damagaram kusa. Barebari da Buduma da Fulani da Tubawa da Larabawa da Hausawa masunta da ƴan kasuwa, kowa yana da abin da yake nema a wurin ɗan'uwansa.

Asarar da ta faɗa wa mutanen nan ta hannu biyu ta zo. Hannu na farko kowa ya san shi: yanka manomi a gonarsa, kore dabbobi, ƙone gari, satar mata da yara, da kama mutane don kuɗin fansa. A watan Yuni na 2016 harin Bosso kaɗai ya kori mutum wajen dubu 50 cikin ƴan kwanaki. A daren 12 ga Disamba na 2020 aka ƙone Tumur, kasuwa da ɗaruruwan gidaje, aka kashe kusan mutum talatin, wasu wuta ta ci, wasu ruwa ya tafi da su wajen gudu. Hannu na biyu kuwa shi ne matakan da hukuma ta ɗauka don ta yanke wa mayaƙan hanyar samun kuɗi da abinci. An kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawan babur, an rufe kasuwanni, an hana cinikin tattasai da na kifi, an taƙaita sayen takin zamani da man fetur. Bayan harin tsibirin Karamga na 25 ga Afrilu na 2015, inda sojojinmu da dama suka rasa rayukansu, aka umurci mazauna tsibiran tafkin su tashi cikin ƴan kwanaki. Dubban mutane suka taka da ƙafa cikin zafin bazara zuwa Ngigmi, suka bar kwale-kwale da raga da shanu, wasu kuma ba su kai ba. Ba muna faɗin haka don mu daidaita sojan da ya mutu yana kare mu da wanda ya zo kashe mu ba, Allah ya kiyaye. Muna faɗa ne domin wanda zai gyara ɓarna dole ya ƙirga ta duka.

A ƙarshen 2016, lokacin da Mohamed Bazoum yake ministan cikin gida, hukuma ta yi shelar cewa duk ɗan Boko Haram da ya miƙa wuya za a karɓe shi. Aka buɗe cibiya a Gudumariya, ana yi musu wa'azi ana koya musu sana'a, daga baya aka gyara dokar hukunta laifuka don shirin ya sami madogara. A watan Disamba na 2019 aka yaye rukunin farko, fiye da mutum ɗari, bayan sun yi rantsuwa da Alƙur'ani cewa ba za su koma ba, aka haɗa su da kayan sana'a. A ganinmu buɗe wannan ƙofa daidai ne. Mayaƙin da ya san babu abin da ke jiransa a gida sai igiya zai yi yaƙi har ya mutu, kuma kafin ya mutu zai kashe wasu. Duk wanda ya fito daga daji da ƙafarsa, bindiga ɗaya ce ta ragu.

To amma ku saurari abin da mutanen zango ke faɗa. Suna cewa: wanda ya ƙone mana gida an ciyar da shi shekaru, an koya masa ɗinki ko walda, an ba shi keken ɗinki, mu da aka ƙone wa gidan muna layin buhun gero. Wasu suna ɗaukar wannan magana hassada ce ko ƙarancin imani, sai a aiko malami ya yi musu wa'azin haƙuri. Mu kuwa muna ganin maganar tana da tushe a fiƙihu, kuma mu malamai mun fi kowa cancantar mu gane haka.

Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin a zaure ya wuce ta kan wannan mas'ala a babin jini da haddodi. Ɗan fashin da ya tare hanya ya tsorata mutane da makami, idan ya zo da kansa yana mai tuba kafin a ci ƙarfinsa, haddin fashi ya faɗi daga kansa, domin wannan haƙƙin Allah ne, kuma aya ta 34 a Suratul Ma'ida ta keɓe shi. Amma dukiyar da ya ƙwace da jinin da ya zubar suna nan a wuyansa, masu su ne kaɗai ke da ikon nema ko yafewa. Ma'anar wannan a yau a fili take. Shugaban ƙasa yana da ikon ya ce ba zai hukunta wanda ya ɗauki makami a kan hukuma ba. Ba shi da ikon ya yafe shanun wani Bafulatani, ko jinin mijin wata baiwar Allah da ke Kablewa, domin ba nasa ba ne. Takardar afuwa daga Yamai tana goge abu ɗaya, tana barin ɗayan yadda yake.

Mun san wani ɗalibi zai ce: ai waɗannan ƴan tawaye ne masu tawili, kuma malamai sun ce ɗan tawaye mai tawili ba ya ramuwar abin da ya halaka a lokacin yaƙi. Gaskiya ne akwai wannan hukunci, kuma an ruwaito daga Imam Zuhri cewa bayan fitinar farko sahabbai sun tafi a kan kada a bi jini ko dukiyar da aka taɓa da tawili, don kada ƙofar sulhu ta toshe. Amma a kula da iyakarsa. Ana maganar wanda ya fuskanci rundunar hukuma a fagen fama ne bisa wata fahimta da ta ruɗe shi. Wanda ya shiga ƙauye da dare ya yanka tsoho a kan tabarmarsa, ko ya ɗaure mutum a tsibiri har sai danginsa sun sayar da gona sun kawo kuɗi, ba shi da wani tawili da Shari'a za ta saurara. Wannan fashi ne ko da ya yi kabbara a kansa. Kuma ko a kan ra'ayi mai sauƙin, abin da aka samu a hannunsa yana nan da idonsa, saniya ce ko injin ban-ruwa, ana mayar wa mai shi. Sai kuma kashi na uku da bai kamata a haɗa su da kowa ba: yaron da aka sace bai balaga ba, da matar da aka kama aka yi mata auren dole a daji. Waɗannan suna cikin waɗanda aka zalunta, kuma kiransu tubabbu ƙarin zalunci ne. Saboda haka sunan tubabbe guda ɗaya da ake lulluɓe kowa da shi yana ɓoye mutane iri uku masu hukunci daban-daban, kuma jama'ar ƙauye sun san wane ne wane ko da hukuma ba ta sani ba.

Ana yawan kawo mana misalin ranar buɗe Makka, yadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya saki waɗanda suka kore shi suka yaƙe shi. Haka ne. Amma a karanta ƙissar Wahshi tare da ita. Wahshi shi ne ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Da ya zo ya musulunta, Annabi ya karɓi Musuluncinsa, bai taɓa shi ba, ya sa ya ba shi labarin yadda kisan ya auku, sannan ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Mafi tausayin halitta ke nan, amma zuciya zuciya ce. Abu biyu ne a nan ga masu tsara shirin mayar da tubabbu. Na ɗaya, an faɗi gaskiyar abin da ya faru kafin a rufe maganar. Na biyu, ba a tilasta wa wanda aka kashe wa ɗan'uwa ya riƙa kallon mai kisan safe da yamma ba. Don haka idan mutanen wani gari suka ce wane kada ya dawo nan, a nema masa wani wuri, ba su saɓa wa Sunna ba. Haka kuma bayan yaƙin ridda Sayyidina Abubakar ya karɓi tuban ƙabilun da suka juya baya amma bai sa su cikin rundunoni ba, sai a zamanin Sayyidina Umar aka buɗe musu ƙofa, shi ma da taka-tsantsan wajen ba su shugabanci. Ɗulaiha al-Asadi, wanda ya taɓa da'awar annabci, a hankali ya sami yarda har ya yi yaƙi a Ƙadisiyya. Tuba ana karɓarsa yau, amana kuwa sai ta ɗauki lokaci.

Shari'a ta ba waliyyin jini zaɓi: ƙisasi, ko diyya, ko yafewa, kuma ta kwaɗaitar da shi a kan yafewa. Amma yafewa sai ga wanda yake da zaɓi. Mutumin da ba a tambaye shi ba, ba a gaya masa wanda ya kashe ɗansa ba, aka tara shi a filin taro aka ce ya ɗaga hannu ya yafe don gwamna yana kallo, wannan bai yafe ba, shiru ya yi. Shirun nan kuwa shi ne ake gadar wa ƴaƴa.

Za a ce tubabben ba shi da ko akuya, da me zai biya? Kuma mafi yawan kashe-kashen ba a san wanda ya yi su ba. Wannan ma Sunna ba ta bar shi ba. Lokacin da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Haibara, ba a tabbatar da wanda ya kashe shi ba, Annabi bai yarda jininsa ya tafi a banza ba, ya biya diyyarsa raƙuma ɗari daga abin da ke hannunsa. Daga nan malamai suka fahimci cewa idan aka rasa wanda za a kama, baitulmali ne ke ɗauka. Akwai wata ƙissar da ta fi wannan kusa da halinmu. Lokacin da rundunar Halidu ɗan Walidu ta kashe mutanen Banu Jazima bisa kuskure, Annabi ya barranta daga aikin a bainar jama'a, ya aiki Sayyidina Ali da dukiya ya biya diyyar mamata da abin da aka lalata, har malaman tarihi suka ruwaito cewa an biya kaskon da kare ke shan ruwa. Halidu bai daina zama kwamanda ba, rundunar kuma ba ta raunana ba don an biya. Muna kawo wannan ne saboda masuntan da aka tasa daga tsibirai, da kuma wasu mutanen da ba a cika ambatonsu ba: waɗanda aka kama bisa zargi a shekarun farko, har adadinsu ya zarce dubu, aka kai su gidajen kaso na Kollo da Kutukale. Da aka fara shari'arsu a 2017, da yawa an sake su don babu hujja a kansu. Mutum ya yi shekara biyu ko uku a tsare, ya dawo ya tarar gona ta tafi, jari ya ƙare, maƙwabta na yi masa kallon ɗan Boko Haram, ba shi da ko takardar da ke cewa an wanke shi. Wanda ya amsa cewa ya ɗauki bindiga ya fita da kayan sana'a, wanda aka tabbatar bai ɗauka ba ya fita hannu rabbana. Matasa suna kallo, kuma suna lissafi.

Ba mu ce baitulmalin Nijar zai iya biyan raƙuma ɗari a kan kowane rai ba. Sulhu a kan ƙasa da diyya halal ne idan masu jini sun yarda. Abin da ake nema shi ne a san sunan mamaci, a zo ƙofar gidansa, a ce wannan haƙƙinku ne, ga abin da ya sawwaƙa. Kuɗin da aka miƙa da sunan haƙƙi, ko kaɗan ne, yana kwantar da abin da buhun agaji goma ba ya kwantarwa.

Sai maganar komawa gida kanta. A watan Yuni na 2021 aka kwashi mutum kusan dubu shida aka mayar da su Baruwa, garin da suka bari tun 2015, aka yi murna, kuma ta cancanci murna. Bayan wata biyu, cikin Agusta, mayaƙa suka afka wa sansanin sojan da ke gadin garin, sojoji goma sha shida suka rasu, Allah ya jiƙansu. An kore maharan, amma darasin ya fito: garin da rayuwarsa ta rataya ga sansanin soja guda ɗaya bai gama dawowa ba. Manomi ba a cikin gari yake noma ba. Idan ba zai iya yin tafiyar kilomita biyar zuwa gonarsa ko bakin ruwa ba sai ya biya haraji ga masu bindiga, to an canza masa wurin zaman gudun hijira ne kawai. An ɗage hanin tattasai a 2017, na kifi a 2019, amma shekarun da aka yi an cinye jari, ƴan kabu-kabun da aka raba da baburansu sun watse, kuma kowa ya san da kuɗi da babur da alkawarin aure aka ja da yawa daga cikin yaran da suka tafi. Annabi da ya isa Madina ya gina masallaci, ya ƙulla ƴan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansar, ya kuma keɓe wa Musulmi kasuwa. Wa'azin da aka yi wa saurayin da ba shi da abin yi da rana, da dare wani zai zo ya warware shi.

Rigimar da muke jin tsoronta fiye da kowace, domin tana iya daɗewa bayan an manta da Boko Haram, ita ce ta ƙasa. Da aka tasa mutanen tafki, wurare sun zama babu kowa, wasu suka shiga da dabbobi, wasu suka nome gonar da ba tasu ba, wasu garuruwan kuma suka ba baƙi aron fili bisa tausayi, baƙin suka gina suka haihu a kai. Tun 2016 aka fara jin zargi da artabu tsakanin makiyaya da mutanen tafki, wannan na cewa wancan ɗan leƙen asirin daji ne, wancan na cewa wannan so yake ya gaje masa wuri. Abin takaici ne ƙabila guda ta ɗauki laifin ƴaƴanta kaɗan, alhali Alƙur'ani ya maimaita cewa ba a ɗora wa rai nauyin wani. A nan akwai mas'alar da muke roƙon limamai da bulamomi da lawanai su kula da ita, domin lokacinta ya yi. A mazhabarmu akwai hukuncin hauzi: idan baƙo ya riƙe fili shekara goma yana aiki a kai, mai filin yana gani bai ce komai ba, ba a sauraron ƙararsa daga baya. Yanzu shekara goma ta cika, kuma za a sami masu kafa hujja da wannan. To su sani sharaɗin hauzi shi ne mai filin yana nan, ya sani, ya yi shiru ba tare da wani abin da ya hana shi magana ba. Wanda tsoron yanka ya kora, ko hukuma ta umurce shi ya tashi, ba ya nan kuma yana da uzuri. Shekarun gudun hijirarsa ba a ƙirga su a kansa ko sun kai ashirin. Gonarsa ba matacciyar ƙasa ba ce da wani zai ce ya raya. A ɗaya gefen kuma, wanda ya gyara wurin da kyakkyawar niyya, ya haƙa rijiya ko ya dasa itace, ba a korarsa haka nan. Ana kimanta wahalarsa. Dokar karkara ta 1993 ta kafa hukumomin filaye, kuma sarakuna suna da ikon sasantawa. Abin da ya rage shi ne a yi zaman tun dattawan da suka san iyakoki suna da rai, a rubuta, a sa hannu, tun kafin damina ta sa mutum biyu su haɗu a gona ɗaya kowa da gatari.

Akwai kuma waɗanda ba sa zuwa taro, ba a jin muryarsu a rediyo: matan da mazansu suka ɓace. Wata mijinta ya tafi kamun kifi a 2015 bai dawo ba. Wata an kama nata, ba ta san inda aka kai shi ba. Wata kuma ta san yana daji da ransa. Ba matar aure ba, ba bazawara ba, ga yara, ga surukai sun riƙe gado sun ce ba a tabbatar ya mutu ba. Fiƙihu ya yi wa wannan babi cikakke. Hukuncin Sayyidina Umar, wanda Imam Malik ya bi, shi ne matar wanda ya ɓace ta kai ƙara, a yi bincike, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta halatta ga wani. Malamanmu sun rarrabe: wanda ya ɓace a tsakiyar faɗa tsakanin Musulmi ba a jira masa wannan tsawon lokaci. Kuma duk wannan jira idan akwai dukiyar mijin da ake ciyar da ita ne. Idan babu, tana da haƙƙin neman a raba auren saboda rashin ciyarwa ba tare da ta jira shekarun ba. Wadda mijinta ke daji da ransa ma tana da wannan ƙofa saboda cutarwa. Sharaɗin shi ne a bi ta hannun alƙali, kuma inda babu alƙali jama'ar Musulmi masu adalci suna tsayawa a matsayinsa. Abin da ke faruwa idan aka yi sakaci shi ne ɗayan biyu: ko mace ta tsufa a rataye, ko a ɗaura mata aure a ɓoye ba tare da hukunci ba, ran nan sai ga mijin farko ya fito daga Gudumariya ko daga kaso, a rasa na wane ne auren, a rasa na wane ne ɗan. Idan an bi hukunci kuma na biyun ya tare da ita, matarsa ce, magana ta ƙare. Idan ba a bi ba, an buɗe gaba tsakanin gida biyu. Kotunan ƙasarmu suna zama da masu ba da shawara kan al'ada da addini a sha'anin aure da gado, saboda haka babu abin da ya hana malamai su tsara wannan aiki tare da su, mace ta fita da takardar da kowa zai girmama, yaran da aka haifa a daji su sami takardar haihuwa ba tare da an liƙa musu wani suna ba.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a sha'anin sulhu. An sa hannu a yarjejeniyar 24 ga Afrilu na 1995 da ƴan tawayen arewa, wadda har yau ake tunawa da ranarta, aka yi ta Injamena a 1998 da ƴan tawayen Tubawa na gabas, aka ƙone makamai a Agadas a watan Satumba na 2000, hukumar HACP mai kula da ƙarfafa zaman lafiya kuma daga wannan tarihi ta samo asali. An ci riba mai yawa. Amma a 2007 wuta ta sake tashi a arewa, kuma cikin abin da masu tayar da ita suka kafa hujja da shi har da alkawuran da suka ce ba a cika ba. Sulhun da ya tsaya tsakanin hukuma da masu bindiga kaɗai yana koya wa na baya cewa bindiga ce hanyar samun kujera a wurin rabo.

A 2018 ƙasashen tafkin Cadi sun amince da wani babban tsari na farfaɗo da yankin, a 2019 aka buɗe asusunsa a Yamai tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka yi gine-gine a wasu garuruwa. Bayan sauyin mulki na 26 ga Yuli na 2023 kuɗin waje da yawa sun tsaya, a watan Maris na 2025 kuma Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin. Ba hurumin wannan rubutu ba ne ya yanke hukunci a kan siyasar waɗannan matakai. Abin da ya shafe mu shi ne, yawancin abin da muka lissafa a sama ba ya jiran kuɗin Turai. Zaman tantance iyakar gona, da hukuncin matar wanda ya ɓace, da sauraron mai jini kafin a dawo da tubabbe, da limami ya tashi ranar Juma'a ya ce wane da aka sako daga kaso an wanke shi, kada wanda ya ƙara nuna shi da baki, duk waɗannan tabarma da littafi da mutane masu gaskiya suke buƙata. Zakkar attajiran Diffa da Damagaram da Maraɗi, da ta ƴan kasuwarmu da ke waje, tana da gurbi a nan: matalauta, da masu bashin da suka ci don fanso ɗan'uwa, da wanda ya ɗauki nauyin diyya don ya sasanta mutane, duk suna cikin waɗanda aka ambata. Kuma ƴan'uwanmu na Tillaberi da Tawa da kudancin Maraɗi, waɗanda ke cikin tasu jarrabawar yanzu, za su zo kan waɗannan tambayoyi ɗaya bayan ɗaya. Gara su same mu mun riga mun yi musu shimfiɗa.

Mafarin aikin kuwa rubuta sunaye ne. Muna kira ga rassan ƙungiyarmu da sauran ƙungiyoyin addini a Bosso da Tumur da Geskeru da Shetimari da Kablewa da Ngigmi, kowane masallacin Juma'a ya buɗe littafi: wa aka kashe, yaushe, a ina, wa ya bari, wa ya ɓace, wa aka kama aka sako, gonar wa ke hannun wa. A yi shi da sanin hukuma da sarakuna, a ba amintattu ajiyarsa, kada ya zama takardar tsegumi ko ta ɗaukar fansa, kuma a sa mata masu ilimi su karɓi bayanin mata, domin akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban maza ba. A shafin farko a rubuta mutanen Ngalewa, inda a ranar 2 ga Yuli na 2017 aka yanka mutum tara aka tafi da mata da yara talatin da tara, shekaru suka yi ta shuɗewa iyalansu na jiran labari. Kowace daga cikinsu tana da suna, da uwa, wata da miji, wata da gadon da aka rasa yadda za a raba.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya bayyana waɗanda suka ɓace, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.